Gano Uba da Gwajin DNA, Ko Bayan Ya Kwanta Dama

Gardamar farko da gwajin DNA ya raba a duniya, ko ɗigon jinin uba babu a cikinta. A 1985 ne, a Birtaniya. Wani yaro ɗan asalin Ghana da aka haifa a can ya je gida wurin mahaifinsa, da ya dawo sai jami'an shige da fice suka ƙeƙasa ƙasa: ko dai an yi wa fasfon kwaskwarima, in ji su, ko kuma matar da ke cewa ɗanta ne ta shigo da ɗan wata 'yar'uwarta. Ba a sami uban ba. Lauyar iyalin ta nufi Jami'ar Leicester wurin Alec Jeffreys, masanin da ya gano dabarar bambance mutane ta ƙwayoyin halittarsu a watan Satumban 1984. Jeffreys ya ɗebi jinin uwar da na yaron da na 'ya'yanta uku waɗanda babu tababa a kansu. Ya ware abin da kowannensu ya gada daga uwa, ya harhaɗa ragowar, sai ga siffar jinin mutumin da bai taɓa sa wa ido ba. Yaron ya dace da uwa, ya dace da uba, hukuma ta janye maganarta.

Da wannan dabara ake aiki har gobe. Jama'a da yawa sun ɗauka idan mutum ya rasu sai an tone kabari kafin a san ɗansa, alhali rabin jininsa yana jikin mahaifiyarsa, rabi yana jikin mahaifinsa, kowane ɗa da ya bari kuma yana yawo da rabi. Kabari shi ne ƙofar ƙarshe, galibi ma ba a kai wa gare ta.

Abin da injin yake karantawa

A cikin kusan kowace ƙwayar jikin mutum akwai ɗauri 46 na kayan gado da ake kira kuromozom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Ɗakin gwaji ba ya karanta su duka. Akwai wasu gurabe sanannu, yawanci 20 zuwa 24, inda wani gajeren rubutu yake maimaita kansa, adadin maimaicin kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. A kowane gurbi mutum yana da lamba biyu, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba.

A ce a wani gurbi yaro yana da 12 da 15, uwarsa tana da 12 da 14. To 12 ta uwa ce, 15 kuwa dole daga uba ta fito. Idan mutumin da ake gwadawa yana da 15 da 17, bai fita ba. Idan 11 da 13 gare shi, a wannan gurbin ya saɓa. Haka za a bi su ɗaya bayan ɗaya. Dacewa a gurbi guda ba komai ba ce, don dubban maza a Kano kaɗai za su iya samun 15 a wurin. Amma a dace a gurabe 20 a jere, wannan ya wuce katari.

Shi ya sa ba a haɗa shi da abubuwan da ake yanke hukunci da su a zaure. Kamanni dai an san halinsu: ana ganin yaro da baƙo kamar an tsaga kara, ana kuma ganin ɗan halak da bai ɗauko ko farcen ubansa ba. Rukunin jini yana iya kore mutum wani lokaci, misali uba mai O ba a sa ran ya haifi mai AB, amma ba ya taɓa tabbatar da kowa, tun da miliyoyi suna tarayya a rukuni ɗaya. Gwajin sikila ma haka. An sha kashe aure saboda miji yana riƙe da takardar da ta ce shi AA ne, yaro kuma ya fito SS, alhali kuskure a wannan gwaji ba baƙon abu ba ne a ƙananan ɗakunan gwaji, kuma akwai wasu cututtukan jini na gado da ke rikita shi. Mai hankali zai fara maimaita gwajin nasa a wuri mai inganci kafin ya buɗe baki.

Gwajin gida da gwajin kotu

Tambayar da ya kamata a fara amsawa ita ce: takardar, wa za a nuna wa? Idan don mutum ya san inda ya tsaya ne, akwai gwajin da ake kira na kwanciyar hankali, wanda iyali ke ɗibar samfur da kansu su aika. Aikin injin iri ɗaya ne, amma alƙali ba zai kalli takardar ba, kuma da gaskiyarsa, don babu mai shaida cewa yawun da ke cikin ambulan na wanda aka rubuta sunansa ne. Gwajin kotu ko na ofishin jakadanci yana da tsari: kowa ya zo da ƙafarsa da katin shaida, yaro da takardar haihuwarsa, a ɗauki hoto, ma'aikacin da ba shi da dangantaka da kowa ya ɗebi samfurin, a liƙe a gaban shaidu, a sa hannu, duk hannun da ambulan ya bi a rubuta shi. Ofishin jakadancin Amurka, alal misali, ba ya karɓar sakamako sai daga ɗakin gwajin da ƙungiyar AABB ta tantance. Ko ba biza ake nema ba, yana da kyau a tambayi wurin shaidar ƙwarewarsa, irin su ISO 17025, a kuma tambaya a ina ainihi za a yi aikin, don da yawa daga ofisoshin da ke Legas da Abuja karɓa kawai suke yi su tura ƙasashen waje. Shi ya sa farashin ke bin dala, jiran kuma ke kai mako ɗaya zuwa uku.

Ɗibar kanta ba ta da zafi. Tsinken auduga ake gogawa a cikin kumatu na kusan rabin minti, a bar shi ya sha iska, a saka a ambulan na takarda. Leda tana riƙe laima, laima ta kawo fumfuna, samfur ya lalace. Minti 30 kafin nan ba ci, ba sha, ba goro, ba sigari. Jariri kuma a jinkirta bayan ya sha nono, saboda ƙwayoyin uwa suna saura a bakinsa.

Akwai abubuwa uku da ba a ɓoye wa mai gwaji. Na ɗaya, idan an taɓa yi wa mutum dashen ɓargo, kamar yadda ake yi wa wasu masu sikila, jininsa DNA ɗin wanda ya ba shi ɓargon zai nuna. Na biyu, ƙarin jini na kwanan nan. Na uku shi ne mafi nauyi a ƙasar da auren zumunci ya yi yawa: idan akwai yiwuwar ɗaya mutumin da ake zargi wa ne ko ƙane ko ɗan baffa ga wanda ake gwadawa, dole a faɗa, domin lissafin da aka saba yi yana kwatanta mutum ne da bare. Idan Hassan da Hussaini ne masu kama ɗaya, gwajin yau da kullum ba ya raba su ko kaɗan.

A sa uwa a gwajin duk lokacin da ya yiwu. Masu son rage kuɗi sukan cire ta, amma ita ce ke nuna wace lamba ce ta uba.

Idan uban ba ya raye

Abu na farko, a bincika ko wani yanki na jikinsa ya saura a hannun hukuma. Wanda aka taɓa yi wa tiyata aka yanki tsoka don bincike, sau da yawa asibiti na ajiye ta cikin kakin kyandir na shekaru, da suna da lamba. Wanda aka bincika gawarsa bisa umarnin hukuma, mai yiwuwa akwai jininsa a ajiye. Irin wannan samfur yana da daraja saboda rajistar asibiti ce ke shaidar mai shi, ko da yake sinadarin da ake jiƙa tsoka a ciki yana kakkarya DNA, wani lokaci ba a samun cikakken karatu.

Idan kuwa an san da rigimar tun kafin a kai shi makwanci, 'yan mintuna sun isa likita ya ɗebi jini a kan kati na musamman, ko farce, ko gashi da saiwarsa, ba tare da an jinkirta jana'iza ba. Wuyar ita ce a gidan makoki babu mai ƙarfin halin tayar da zancen.

Kayan mamaci, irin su burushi, reza, aswaki, mataji ko hular da ta sha gumi, sukan ba da DNA, amma a kotu ba su da ƙafa. Wa zai rantse cewa shi kaɗai ya yi amfani da rezar? Gashin da aka aske ma ba shi da saiwa, a saiwar kuma abin nema yake.

Hanya mafi ƙarfi ita ce ta dangi, kuma ba duk dangi ne ɗaya ba. Kakanni biyu na wajen uba, idan suna raye, sun fi kowa: duk lambar da yaro ya gada daga uba dole a same ta a jikin ɗayansu, sakamakon kuma kan kusanci na gwada uban kansa. Kaka ɗaya, ko baffa, ko goggo, kowannensu yana tarayya da yaron a kusan kashi 25 cikin 100 ne kawai, don haka mutum ɗaya ba ya cika yanke magana. Sai 'ya'yan mamacin da ba a gardama a kansu, tare da iyayensu mata. A nan gidan mai mata da yawa ya yi riba. Kowane ɗa yana ɗaukar ɗaya daga cikin lambobi biyun ubansa a kowane gurbi. Idan 'ya'ya uku aka gwada, damar a ga lambobin biyu a gurbi guda ita ce 75 cikin 100, idan biyar ne ta kusa 94. Uwargida da amarya da 'ya'yansu suka ba da yawu, an kusa tayar da jinin maigidan a kan takarda.

Haka aka warware zancen shugaban Amurka Warren Harding, wanda ya mutu a 1923. Shekaru da dama ana ƙaryata matar da ta ce ya yi mata ciki, sai a 2015 aka gwada jikanta da jikokin ɗan'uwan Harding, aka ga dangi ne. Ba a taɓa kabarinsa ba.

Akwai kuma gajerun hanyoyi biyu. Ɗa namiji yana gadon kuromozom Y daga ubansa kusan ba canji, uban ma haka ya gada, don haka baffa ko kaka ko ɗan baffa na iya tsayawa a madadin mamaci. Idan Y ya saɓa sosai, magana ta ƙare. Idan ya dace, abin da ya nuna kawai shi ne yaron ɗan wannan zuri'a ne. A 1998 an gwada zuriyar baffan Thomas Jefferson da wani jikan baiwarsa Sally Hemings, Y ya dace, amma gwajin shi kaɗai bai iya cewa Jefferson ne ko wani namiji na gidansu ba, sai da masana tarihi suka haɗa da bayanan inda kowa yake a lokacin. Ga 'ya mace kuwa, uba X ɗaya gare shi, daga mahaifiyarsa ya same shi, shi yake bai wa duk 'ya'yansa mata. Kaka ta wajen uba da jikarta, ko 'yan mata biyu 'yan uba, wannan gwaji yana yi musu aiki sosai.

Yawancin waɗannan hanyoyi suna da rauni guda: ba sa raba mamaci da ɗan'uwansa shaƙiƙi cikin sauƙi, tun da kakannin ɗaya ne, Y ɗin ma ɗaya.

Suna da wani raunin da ba na kimiyya ba. Mutanen da ake roƙon yawunsu su ne sau da yawa za su yi asara idan yaron ya tabbata. A rabon gado na Musulunci, wanda ya bar 'ya'ya mata kaɗai, 'yan'uwansa maza suna samun ragowa, amma ɗa namiji guda ya bayyana, ya shamakance su gaba ɗaya. Matar da mijinta bai bar ɗa ko 'ya ba tana da ɗaya bisa huɗu, da an sami ɗa ta koma ɗaya bisa takwas. Baffan da aka ce ya goga auduga a gida ya aiko, ba a raina shi ba idan aka ce ya zo a ɗiba a gaban shaidu.

Tone kabari

Ba a yin sa sai da umarnin kotu, malamai kuma ba sa halatta buɗe kabari sai bisa lalura. Idan an kai ga haka, ƙwararren likita haƙoran turmi yake nema, da ƙashin cinya, da wani ƙashi mai tauri da ke bayan kunne, don nama ya daɗe da tafiya. Zafi da damshi suna cinye DNA da sauri, gawar da aka sa cikin likkafani a ƙasa mai zafi kuma ba ta daɗewa kamar wadda ke cikin akwati a ƙasar sanyi. Kuɗi ne mai yawa, kuma ana iya tonewa a tashi a tutar babu.

Sakamakon yakan faɗa kowane ɓangare. A Ajantina an tono zakaran tseren mota Juan Manuel Fangio a 2015, shekara 20 bayan mutuwarsa, aka tabbatar wa wasu dattawa biyu da suka haura 70 cewa shi ne ubansu. A Sifaniya an tono mai zane Salvador Dalí a watan Yulin 2017, aka tarar ko gashin bakinsa bai motsa ba, gwaji ya ce matar da ta kai ƙara ba 'yarsa ba ce, kotu ta ɗora mata kuɗin shari'a. A Faransa ma an tono mawaƙi Yves Montand a 1998, ya fito ba shi ne uban ba, abin ya ɓata wa jama'a rai, har a 2004 ƙasar ta hana gwada mamaci sai in ya amince tun yana raye.

Karanta takardar

Gwajin uba kai tsaye amsa biyu gare shi: sifili, ko 99.9 zuwa sama. Ba a rubuta 100, don lissafi ne na yiwuwa. Saɓani a gurbi ɗaya tak ba ya kore uba, saboda lamba kan sauya da kanta tsakanin uba da ɗa, kamar sau ɗaya zuwa uku a cikin dubu a kowane gurbi. Ɗakin gwaji na ƙwarai sai ya ga saɓani a wurare biyu ko uku, ya kuma maimaita, kafin ya ce ba shi ba ne. Gwajin dangi kuwa yana iya fitowa da 70 ko 85, ko a rubuta cewa bai yanke ba. Wannan ba yana nufin a'a ba ne, yana nufin a ƙaro mutane.

Alƙaluman da ke yawo cewa ɗaya cikin huɗu na mazan da suka yi gwaji a Najeriya ba su ne uba ba, a riƙe su da hankali. Masu zuwa gwaji mutane ne da zargi ya riga ya kai su. Binciken da aka yi a kan jama'a gama-gari a wasu ƙasashe bai cika wuce ɗaya zuwa biyu cikin 100 ba.

Takardar gwaji ba hukunci ba ce

A dokar Najeriya, sashe na 165 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce yaron da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan rabuwa matuƙar uwar ba ta sake aure ba, ana ɗaukarsa ɗan mijin ne har sai an kawo hujja. Sashe na 63 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya bai wa kotu ikon umartar gwajin kimiyya, sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya hana tauye mutum saboda yadda aka haife shi. Babban mutum ba a danne shi a ɗebi yawunsa, amma ƙin yarda na iya zama abin da alƙali zai auna. A Beljiyam, tsohon sarki Albert na Biyu ya yi ta zillewa har kotu ta yanka masa tarar Yuro 5,000 kowace rana a 2019, ya ba da samfur, a 2020 ya amsa cewa matar da ta kai shi ƙara 'yarsa ce.

A kotun Shari'a lissafin daban ne, kuma a nan mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu a banza. Nasaba tana tabbata da shimfiɗar aure, da iƙirarin uba, da shaidu. Yaron da aka haifa wata shida ko fiye bayan ɗaurin aure na mijin ne. Mijin da ke son kore shi sai ta li'ani, kuma da gaggawa, wanda ya ji labari ya yi shiru, ya karɓi barka, ya yanka ragon suna, ya rufe wa kansa ƙofa. Li'ani haƙƙin miji ne shi kaɗai, magada ba sa yin sa a madadin mamaci. Ɗan da aka samu ba ta aure ba kuwa, a mazhabar Malikiyya ba a jingina shi ga wanda ya yi cikin, ko da gwaji ya ce 99.99. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta DNA wajen yaran da aka musanya a asibiti, da waɗanda suka ɓace a yaƙi ko bala'i, da wanda ba a san nasabarsa ba ake jayayya a kansa, amma ta hana amfani da shi don rushe nasabar da ta riga ta tabbata, ko a fifita shi a kan li'ani. Wanda ya ɗauki takardar gwaji yana yawo da ita yana aibata mace, hukuncin ƙazafi bulala 80 ne. Saboda haka lauya ko malami ake fara gani, kafin mai farin kaya.

Inda gwajin ya fi amfani a irin waɗannan kotuna shi ne auren ɓoye: mutum ya yi aure a wani gari bai gaya wa gida ba, ya rasu, mata ta zo da goyo. Abin da za ta fara kawowa shi ne waliyyi da shaidun ɗaurin aure da wanda ya karɓi sadaki, gwaji ya biyo baya ya ƙarfafa.

Wasu kan shirya tun suna raye. MKO Abiola, da ya rasu a 1998, ya gindaya gwajin jini a wasiyyarsa ga masu cewa 'ya'yansa ne. Ba kowa ke buƙatar haka ba. A shari'ar Ukeje, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2014, mahaifin ya rasu tun 1981 a Legas ba wasiyya, matarsa da ɗanta suka ce 'yar da ta zo neman gado ba tasa ba ce. Ba a gwada jinin kowa ba. Takardar haihuwa mai ɗauke da sunan uban, da wasu takardu da hotuna, su suka tsaya mata har ta yi nasara. Rajistar haihuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake yin ta, kuma akwai wakilanta a asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomi.